Salkar da Na Yi wa Tsohon Soja

Ina da jikoki huɗu na shiga lakwal, makarantar boko ke nan. Abin da ya kai ni, na gaji da dangwala yatsa. Tun da anka fara zaɓen jam'iyyu barkatai ƙasarga, ko ina ka nufa takarda ce, kuma kullum sai wani ya kama maka babban yatsa ya murza cikin tawada awa za shi yanka kaza. Ni ba a kama mani hannu. Na sayi kaye, littafin rubutu, da bik, alƙalamin, na tafi ajin manya da ake yi bayan la'asar. Mu mata ne zalla, malamarmu kuwa ba ta kai ɗiyata ta biyu shekaru ba. Madam muke ce mata, tana ce mana iyayena, amma in ka juya harafi baya ba ta san iyaye ba.

Da munka yi kamar wata bakwai sai ta ce zaman benci ya isa, mu fita mu karanta gari. Ta sa mu gaba awa awaki, daga bakin kasuwa har tashar manyan motoci, ko wane allo munka tarar sai mu tsaya mu haɗa baƙaƙenshi. Wahalar ita ce allunan Malanville kusan duk Faransanci ne. Sai ka sha wuya ka karanta abu daidai, ka kai ƙarshe, ba ka san mi ka ce ba.

Bayan wurin da ake loda albasa, hanyar gulbi, akwai wani tsohon gini na dutse, bangonshi ya kai kamu biyu kauri, kwanon rufin ya yi ja don tsatsa. An ce zamanin Faransawa gyaɗa ake tarawa ciki. Na fi shekara talatin ina wucewa ta nan ban taɓa ɗaga kai ba. Ranar nan na ɗaga, na ga allo bisa ƙofa, na fara haɗawa a hankali, sai na ji bakina na yin Hausa: Gidan Tarihi da Koyon Algaitar Soja. Shi ne rubutu na farko da na karanta a titi na kuma gane shi da kaina. Na ce wa Madam ba inda za ni sai na ga abin da na karanta.

Akwai mai shayi da teburinshi daf da ƙofar, mutumin Gaya ne, kullum da safe shike ƙetaro gada. Da ya ga za mu shiga sai ya ce mu shiga abinmu, ƙaryar ciki kyauta ce, ba a biya. Ya ce tsohon da ke ciki ya yi aikin soja Najeriya, wannan gaskiya ne, amma tuwon soja ya tuƙa har ya yi ritaya, ya dawo shina cika mutane da labarin busa. Shekara goma sha biyu shina shayi nan, in ji shi, bai taɓa jin wata algaita ba. Unguwar duk Kuku suke kiran tsohon, har yara.

Ciki sanyi ƙalau, an share tas. Benci uku na ɗalibai a jere, ba ƙura bisansu, ba kuma alamar an taɓa zama. Tsohon ya taso ya tarbe mu, dogo ne siriri, ya haura saba'in, bayanshi miƙe awa an sa mashi tabarya. Ya ce ubanshi ne ya yi gadin gininga, shi ya gada. Ya bi da mu bango-bango. Ga wani mayafi mai gida-gida ja da kore cikin akwati, sai warin kafur. Ga hoton Turawa maza sanye da zane iya gwiwa, wanda ya sa matanmu sunka yi ta rufe baki. Ga wani hoton sojoji a layi, ya sa yatsa ya ce shi ne na uku daga hagu. Na matsa na duba. Fuskar ba ta fi ƙwayar gero ba. Ko mijina anka ce shi ne sai in yarda.

Sannan ya kai mu ga abin kanshi, rataye bisa ƙusa. Sanduna biyar ne na baƙin icce masu zobban fari, uku dogaye, biyu gajeru, duk a soke cikin wata jakar fata da ta bushe ta ƙanƙance awa kilishin bara. Ya ce abin na wata ƙasa ne da ake kira Sikotilan, ƙasar duwatsu da sanyi da tumaki, kuma wani jan Bature mai gashin baki ya koya masu a bariki, shina bugun yatsunsu da sanda. Ana hura iska cikin jakar ta sanda guda, a matse ta ƙarƙashin hammata, dogayen uku su riƙa gurnani, ta biyar mai ramuka ita yatsu ke wasa bisanta. Amfanin jakar, sautin ba shi yankewa ko mai busa ya tsaya shan iska. Wata cikinmu ta ce ai masu algaitarmu da kumatunsu suke yin wannan. Ya ce Bature ba shi da kumatu, shi ya sa ya aro na tunkiya.

Na ce to ya busa mu ji. Ya ɗauko wata ƙaramar sarewa ta koyo daga aljihu ya hura. Ta yi wani kuka awa agwagwa mai mura. Mata sunka fashe da dariya. Na ce ba wannan na karanta bisa allo ba, waccan ta bango nike nufi. Ya ce jakar ta mutu tun shekara ta biyu da dawowarshi, zafin garinga ya kashe ta.

Tun da ya buɗe baki na ji Zabarmanci cikin Hausarshi, ni kuwa Bagobira ce, tsakaninmu da su akwai wasa, ba a ɗaukar zafi. Sai na saki baki.

"Baba, allo ya ce koyo. Wa ka koya wa?"

Ya ce ba kowa tukuna.

"Ashe mai shayi na da gaskiya. Ka nuna mana ludayin, mu dai mun san aikinshi."

Na tsaya jiran ya rama, ya ce mani baiwa, ko ya zagi tsagar fuskata yadda sunka saba. Bai rama ba. Ya share sarewar da bakin rigarshi ya maida aljihu, ya yi mana godiya da ziyara. Bazabarme ya ji zagin Bagobira ya yi shiru, to ba wasa ka taɓa ba, miki ka taɓa.

A hanya Madam ta ce in koma in ba shi haƙuri. Ni ban iya ba da haƙuri ba, bakina bai saba da shi ba. Amma akwai abin da na iya. Gidanmu majema ne. Tun ina yarinya nike salka, fatar akuya da ake zuba ruwa a rataya shi yi sanyi, kuma makiyayan Toumboutou sun san hannuna kafin bidon roba ya zo ya kashe sana'ar na koma suyar kifi. Washegari da hantsi na koma na ce ya sauko mani da abin.

Na juya jakar na duba. Aikin banza ne. An tsaga fatar tunkiya an naɗe an ɗinke gefe, sannan an huda ta da wuƙa. Ya ce dukawan kasuwa sun gwada yi mashi sabuwa har sau biyu, iska na bin ɗinkin shina fita. Na ce dole, duk abin da allura ta shiga iska na iya fita. Na ƙirga sandunan da yatsa, biyar. Na ce mashi akuya ƙafa huɗu gare ta da wuya guda, Allah ya riga ya huda ta wuri biyar, mi ya kai Bature ga wuƙa. Ya ce ba haka ake yi Sikotilan ba. Na ce to ya aika Sikotilan. Sai ya ce abu guda, kada ta yi zufa irin ta salka, in ruwa na iya tsattsafowa iska ma za ta tsere. Na tambaye shi girman da shike so. Ya buɗe hannuwa kaɗan, kamar mai riƙe da jinjirin kwana bakwai.

Nan na yi kuskurena, kuma duk ɗiyar majema shi za ta yi. Wanda za a yi wa kyauta in an tambaye shi, kaɗan shike cewa. Baƙo ma in ka ce tuwo nawa za a zuba sai ya ce loma biyu. Kuma a sana'armu ƙaramar salka zagi ce, ta marowaci ce ko ta wanda ba a so ya daɗe a hanya. Mutumin da na kunyata gaban mata, in kai mashi fatar ɗan akuya? Na hau kabu-kabu har Garou wurin ƙanena, na zaɓo taure mafi girma cikin garkenshi, wanda in ya tsaya bayanshi na kai mani ƙugu.

Maigidana ya ga taure ɗaure a tsakar gida, ya tambaya suna za a yi ko layya ta matso ba labari. Na ce fatar nike so. Ya ce ta mi. Na ce ta karatu ce, Madam ta sa mu. Tun da na fara lakwal duk abin da na jingina ga karatu ba shi ƙara tambaya, tsoro shike kada in ce ya karanta. Ya ci naman kwana uku bakinshi alaikum.

Na tsaya kan mahauci har ya zare fatar awa riga, bai tsaga ciki ba. Na jiƙa ta da toka na cire gashin, na sa ta cikin kwatarniyar bagaruwa ina juyawa safe da yamma, hannuwana sunka koma baƙi yadda suke da. A aji Madam ta ga kayena duk shaidar yatsu, ta ce ashe ban bar dangwale ba. Da fatar ta jemu na ɗaure bayan da zaren jijiya, na narke kakin zuma da man kaɗe na ɗura ciki na murza lungu-lungu har ta sha. Sannan na ɗaure ƙafafun, na hura ta ta wuya, na toshe, na zauna bisa. Ni ba ƙaramar mace ba ce. Na ɓare kwano guda na gyaɗa a zaune kanta, ba ta yi ko tusa ba.

Ban faɗa wa kowa ranar da za ni kai ba sai Madam. Madam ta faɗa wa aji, aji ya faɗa wa kasuwa. Da na iso bayan la'asar da fatar naɗe bisa kai, mai shayi ya riga ya ƙara benci biyu. Masu dakon albasa sun bar buhunansu, 'yan kabu-kabu sun jera babura, matan ajinmu sun yi gungu cikin inuwa. Duk sun zo ganin Kuku zai busa.

Tsohon ya sa wata tsohuwar rigar soja mai maɓallan tagulla, ya yafa mayafin nan mai warin kafur a kafaɗa. Na warware fatar gabanshi. Ya dube ta daga wuya zuwa gindi, ya sake dubawa.

"Bagobira, saniya kinka yanka?"

Na ce mashi mu ba mu ba da kyautar rowa, ba Zabarmawa ba ne mu. Ya zauna ya fara ɗaurin. Mai ramuka ya sa ta ga wuya, dogayen uku ga ƙafafu uku, ta hurawa ga ƙafar baya da ta rage. Harsunan kara da ke cikin sandunan, waɗanda ke ba da sautin, sababbi ne. Ashe duk shekara shina yanko kara bakin gulbi shina sassaƙa sababbi ya jefar da na bara, ko da babu jakar da za ta busa su.

Ya fito tsakar filin, ya rungumi fatar, ya lanƙwaso ƙafar baya zuwa bakinshi, ya fara hurawa. Ya hura, ya hura. Taure ya ɗaga ƙafa guda, kamar mai tunanin tashi. Ya ƙara hurawa, jijiyoyin wuyanshi sunka fito, idanunshi sunka yi ja. Cikin fatar ya ɗan taso gefe guda, sauran na lilo awa wando a igiyar shanya. Ɗaya daga dogayen sandunan ta yi wani ɗan nishi ta yi shiru. Sai ya saki sandar. Ya ja baya ya zauna bisa benci shina haki.

Mai shayi ya ce a kawo wa Kuku murhu, shi ya saba hurawa. Filin duk ya ɗauka da dariya. Har da matanmu.

Na matsa kusa da shi. Ya ce mani a hankali, ba tare da ya ɗago ba, in kwance sandunan in tafi da fatata, tana da kyau, za ta yi amfani ga ruwa. Nan na gane hannuwan da ya buɗe kaɗan ba kunya ba ce, awo ne. Mutumin ya gaya mani iyakar iskar da ta rage cikin ƙirjinshi, ni kuwa na kawo mashi rumbu. Dā ƙarya kawai suke zarginshi da ita. Yanzu na tara mashi gari su gani da idonsu.

Na dubi tauren. Don tsawonshi, ƙafar bayan na da nisa da wuya, har mutum biyu na iya tsayuwa, guda gaba guda baya. Na ce ya tashi ya kama wuyan. Ya ce mi za ni yi. Na ce shekara arba'in ina hura ɗanyen icce da damina, wanga bai fi ƙarfina ba. Na share bakin sandar da gefen zanena na sa a baki.

Filin ya rikice. Mace ba ta busa, balle mai jikoki. Madam ta rufe fuska da kayenta. Wani cikin masu dako ya ce za shi kira maigidana. Na zare sandar na ce in ya je ya ce mashi ya taho mani da ruwa, na maida.

Tsohon ya ce in riƙa hurawa a jere, kuma ko mi na ji kada in bari. Na hura. Tauren ya cika daga gindi, ƙirji ya taso, ƙafafu sunka miƙe kowace ta nufi gabanta, sandunan sunka yi cirko-cirko, guda bisa kafaɗarshi, guda ta nufi sama, guda kuwa daidai kunnena. Sai ya ɗaga tafin hannu ya bugi cikin fatar, ya danne ta da hammata.

Ba ni da abin kwatanta ƙarar nan. Kamar injin niƙa masara uku ne anka tayar lokaci guda cikin ɗaki, sannan wata mata ta fara guɗa bisansu ba ta tsayawa. Haƙorana sunka yi zuga. Jakin mai ruwa da ke tsaye nesa ya yi gaba da kurarshi ba mai kora. An ce har duwan, 'yan kwastan da ke bakin gada, sun fito duba ko wata mota ce ta kama wuta, amma mutanen Malanville ba su ba da labari ba gishiri.

Daga nan yatsunshi sunka fara. Na ga yatsun nan ɗazu da ƙyar suke ɗaure zare. Yanzu sun kwanta a miƙe bisa ramukan suna tashi suna faɗuwa, wani na sara tsakanin wani da sauri har ido bai bi. Cikin hayaniyar sai ga waƙa ta fito, mai kai da ƙafa, tana tafiya tana dawowa inda ta faro, irin wadda ke sa ƙafar mutum motsi ba da izininshi ba. Wanda ya tuƙa tuwo shekara ashirin ba shi yin wannan. Ko jakin da ya gudu ya san haka.

Abin da ban yi shiri ba, ashe ba a tsaye ake busa ta ba. Ƙafarshi ta hagu ta fara dukan ƙasa, sai kawai ya yi gaba. Ya manta da ni ƙaf. Ni kuwa ƙafar taure na cikin bakina, in na saki waƙa ta mutu, in na tsaya haƙora su tafi. Na bi shi. Shi gaba, ƙirji waje, mayafi na kaɗawa, ni baya a duƙe, kumatu awa kwaɗo, kallabina ya zame ya rufe mani ido guda, takalmina guda ya tsaya a hanya. Munka ratsa tsakanin baburan, munka kewaye tulin albasa, ya yi wata juyawa ta soja wadda ta kusa kai ni ƙasa, munka dawo. Sau uku. Ga na ukun ina ganin taurari tun rana ba ta faɗi ba.

Ya zo daidai teburin mai shayi ya buga ƙafa ya ƙame. Ya ɗauke yatsu, ya saki hammata. Ya gaya mani daga baya, a bariki busar kan yanke ne lokaci guda, shap, wanda jakarshi ta ƙara ko ɗan nishi sai ya kwana gadi. Amma wannan jakar tawa ce. Iskar da ke ciki ta isa busa ta biyu. Shina ƙame, idonshi gaba, tauren na ta kuka ƙarƙashin hammatarshi, shina sauka a hankali, sanda guda ta yi shiru, ta biyu ta bi, ta ukun ta daɗe tana roƙo kafin ta cika. Ba wanda ya yi dariya. Ina jin sun manta yadda ake yi ne.

Mai shayi ya ɗauki kofin gilashi, wanda shike ajiye wa manyan direbobi, ya ɗauraye, ya zuba, ya miƙa da hannu biyu.

"Soja, sha."

Tsohon ya karɓa ya sha a tsaye.

"Shekara nawa ka yi kana busa abinga?"

"Ashirin da biyu."

"Kullum?"

"Kullum, safe da yamma."

Mai shayi ya girgiza kai ya ce Allah ya saka wa maƙwabtan barikin da Aljanna, sun riga sun yi nasu hisabin.

Ni ina zube bisa buhun albasa, ba wanda ya tuna da ni, sai da na ce in ba a kawo mani nawa kofin ba zan sake cika tauren. Anka kawo biyu.

Bayan sati uku na kai mashi wata, ta ɗan akuya, daidai awon hannuwanshi. Wannan shi kaɗai ke cika ta. Ɗalibi dai ko guda bai zo ba har ya bar duniya, bencin nan uku haka sunka ƙare. Amma ya riƙa fitowa ƙofar gida da hantsi shina busa, kuma unguwar ta aiko mashi da dattawa har sau biyu a kan ya rage, ko don masu jinya da awaki masu ciki. Laifin ni sunka ɗora wa, mata sun daina sayen kifina wata guda. Shi kuwa in sun zo roƙon, sai sun cire takalmi bakin ƙofa, su ce Soja, don girman Allah, ko ranar Jumma'a kaɗai ka bar mu mu huta. Yakan ce zai duba.